Ƙarshen Labarin Da Yaya Kulu Ba Ta Ji Ba

A watan nan Yaya Kulu ta cika shekara uku a ƙasa. Ba Kulu ne sunanta ba, ni ma sunan da za ku ji ana kira na da shi a nan ba nawa ba ne. Da farko na ji tsoron ko na sauya suna wani zai gane gidanmu, tunda dole in faɗi cewa mu mahauta ne a Talata Mafara, kuma a hanyar Maradun aka kashe ta. Sai na zauna na tuno gidajen da na sani da suka rasa 'ya ko uwa a hanyar nan, na ga sun yi yawan da ba mai iya nuna namu da yatsa. Da wannan na samu ƙarfin halin rubutu. Abin baƙin ciki ne a ce a nan mutum ya samu maɓoya, amma ita nake da ita.

Yaya Kulu 'yar wan babana ce. Gida ɗaya muka tashi, uwarta nake ce wa Inna, ta kuma girme ni da shekaru masu ɗan yawa. Ta taɓa yin aure a Garbadu, bai daɗe ba ta dawo, ba faɗa ba tashin hankali. Duk wanda ya zo zawarci bayan nan sai ta sa shi dariya har ya manta abin da ya kawo shi, ya tafi bai samu amsa ba.

A gidanmu maza na kasuwa da wuƙa, mu mata muna tsakar gida da gyaɗa. A soya, a kai niƙa, a matse mai, a fitar da tunkuza, wata a yi ƙuli-ƙuli wata a dama labun kilishi, ga dakan yajin tsire da ba ya ƙarewa. Aiki ne mai cin baya, kuma in an yi shi shiru ya fi ciwo. Yaya Kulu ce ba ta bari a yi shi shiru. Tana da waya, tana karanta labaran soyayya irin waɗanda ake sakowa kashi-kashi, in hantsi ya yi muka zauna gaban turmi sai ta ba mu abin da ta karanta jiya. Tana yin muryar kowa. In tsoho ne ta yi tari, in budurwa ce ta karya wuya.

Wanda ya fi kama mu shi ne labarin Zainab tela da saurayinta Nasiru, ma'aikacin jinya. Nasirun nan ba a taɓa jin irinsa ba. Yana gane ran Zainab ya ɓaci tun daga yadda take taka keken ɗinki. In ta kwana biyu tana aikin salla, shi ke zuwa ya zare mata zaren da ya sarƙe, ya dafa mata abin da za ta ci. Gwaggo Ige, ƙanwar babanmu, takan ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu.

"Ke Kulu, wanga Nasiru naki wace kasuwa aka saida irinai? In tai in sawo guda."

"Gwaggo kin makara. An ce tun waccan Talata ya ƙare."

"To ki yi man cigiya. Ko gurgu na ina so."

Matsalar labarin ita ce iyayen Zainab sun ƙi Nasiru. Da aka tambayi Yaya dalili, sai ta ce ai ɗan mahauta ne, su kuwa sun ce ba su haɗa jini da masu fawa. Ranar nan tsakar gidanmu ta ɗauki zafi. Ba wadda ba ta san wannan ciwon ba a cikinmu. Ba wadda ba ta da ɗan'uwan da ya je neman aure aka karɓi tsirensa da hannu biyu aka hana shi 'ya. Daga ranar Nasiru ya tashi daga mutumin labari ya zama ɗan gida. Inna, wadda ba ta cika magana ba, har addu'a take yi masa.

Ni kaɗai na san gaskiya, kuma ba da niyya na sani ba. Na gama sakandare ke nan ina zaman gida. Wata rana da azahar kowa ya tashi alwala, saura ni da ita, hannunta dumu-dumu cikin tunkuza, wayarta ta yi ƙara. Ta kasa haƙuri.

"Mairi, goge hannunki ki buɗe man. Riƙe shi nan gaban fuskata."

Na riƙe, ina ja mata sama kaɗan-kaɗan, idona na bin rubutun. Ga Zainab, ga keken ɗinki, ga asibiti. Amma babu Nasiru. Wadda ke tsaye a bakin shagon Zainab da kwanon abinci sunanta Nusaiba. Na sake karantawa. Ashe Nasirun namu mace ce. Na daina ja. Ta ɗago ta dube ni.

"Kin gani ko?"

Na ce na gani.

"To ci gaba da ja, ba ki ga hannuna da mai ba?"

Na yi kwanaki ina kauce mata. Da na kasa, na same ta tana tsince barkono, na tambaye ta ko ba ta tsoron Allah. Ta ce tana tsoronsa, ko na taɓa ganin ta bar salla? Na ce to me take so a cikin irin wannan abu. Ba ta yi fushi ba. Ta ce in lura, a labarin nan in ɗaya ta gaji ɗayar ta sani ba sai an gaya mata ba, don ita ma ta san irin gajiyar a jikinta. Ta ce ba wadda ke miƙe ƙafa tana jiran a kawo mata ruwa. In sun yi faɗa, wadda ta yi laifi ce ke ba da haƙuri, ba wadda ta fi rauni ba. Ta ce, "In ina karantawa sai in ji kamar an buɗe man taga." Ta ci gaba da tsince barkononta.

Iyakar abin da na tambaya ke nan, kuma iyakar abin da ta faɗa. Ni ba malama ba ce. Na san abin da aka koya mana a islamiyya, na san dokar jiharmu, ban kuma zo jayayya da kowa ba. Abin da ke cikin zuciyarta tsakaninta da Mahaliccinta ne, ban leƙa ba. Abin da na gani da idona zan faɗa: ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin wani abu a duniya kamar yadda take jin daɗin karatun nan ba. Takan kwanta rub da ciki a tabarma tana kaɗa ƙafafu kamar yarinya. Takan yi tsaki ta ce wa waya, "Ke Zainab, wallahi ke sakara ce, bi ta mana!" sai ta tuna ina kusa, mu haɗa ido, ta toshe baki. Ta taɓa ƙona ƙuli kasko guda saboda an yi sulhu a wani kashi, Inna na ta faɗa ita tana ta murmushi. Lokacin da aka katse layukan waya a jiharmu, mutane na tafiya Sakkwato don su ji muryar 'yan'uwansu, ita ce ta ce citta da kanumfarin kasuwarmu sun yi tsada, gara ta je can ta saro. Ta dawo da buhun kayan yaji da kashi-kashin labari cike da waya, muka yi sati muna sha.

Kuma ban taɓa ganin wahalar da ta kai tata wajen ba mu shi ba. Kullum sai ta zauna ta sake ɗinke labarin kafin ta kawo mana, ta cire nan ta ƙara can, don ta samu waɗanda za ta yi dariya da su a kan abin da take so. Da ta yi shiru da bakinta ya fi mata sauƙi. Ba ta iya jin daɗi ita kaɗai ba ne.

An tsaya a inda iyayen Zainab suka kai ta wani gari suka ɓoye, Nasiru na nema, sai bikin 'yar'uwarmu ya taso a Dosara. Muka je ni da ita. A hanyar dawowa, da la'asar sakaliya, babura suka fito daga daji. Ba zan iya rubuta abin da ya biyo baya ba, na gwada sau da yawa. Na dai san ta danna kaina ƙasa ta kwanta a bayana, na san nauyinta ya sauya, na san ina ta kiranta a hankali don kar a ji. Wayarta ba a gan ta ba. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, kuma har yau in babura suka wuce ƙofar gidanmu a jere, duk inda nake sai na tsuguna. Tun ranar ban sake shiga mota ba sai kwanan nan, zan kuma zo kan dalili.

A zaman makoki akwai wata mata da ta zo daga Bakura, zan kira ta Luba. Tare suka yi makarantar kwana da Yaya, ita ce kuma ta fara haɗa ta da labaran. Ta zauna can gefen randa. Masu gaisuwa na wucewa su durƙusa gaban Inna, su yi wa Gwaggo, su yi mini, ba wanda ya tsaya gabanta, don a lissafin mutane ƙawa ba ta cikin waɗanda aka yi wa rashi. Ta yi ta wanke kwanonin baƙi har aka watse, ta tafi ba ta yi wa kowa sallama ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Yanzu akwai injin matsar mai a unguwa, aikin ya ragu, hira ma ta ragu, rediyo ke magana a madadinmu. Yanzu yayye maza na karɓar wayar ƙannensu su bincika, ba sai da dalili ba. Yanzu in aka kama yarinya da wani abu a waya, kafin magariba hotonta ya gama gari, har waɗanda ba su san ta ba suna tsine mata. Ina jin da tana nan da ta ƙara taka-tsantsan. Ba na jin da ta daina karatu. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, nakan ji sanyi a raina cewa ta tafi da sunanta fari, kowa na cewa Kulu mai ban dariya, Kulu mai zumunci. Wannan sunan shi ne abin da ya rage wa Inna, kuma a hannuna yake. Kalma ɗaya in ta kuɓuce mini, masu yi mata addu'a za su koma yin ƙus-ƙus.

Da wannan a raina Inna ta kira ni ɗakinta ana saura 'yan kwanaki sadakar shekara uku. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu ta laluba ta kama nawa.

"Mairi, ke da kinka yi boko. Wanga yaro Nasiru, an ba shi ɗiyag ga ko an hana shi?"

Na ce Inna ai labari ne.

"Na san labari na. Shi ta bari bakinta ba ta ƙare ba. Ki biɗo man ƙarshenai in ji, kamin in bi ta."

Ban iya cewa a'a ba. Ban kuma iya nema a wayata ba, don yayyena na ɗaukarta duk sanda suka ga dama, ban ma san sunan da mai rubutun ke ɓuya da shi ba. Mutum ɗaya ce za ta sani, kuma ba magana ce ta waya ba. Bakura ba nisa, mutanenmu na zuwa su dawo kafin azahar. Ni sai da na je tasha sau biyu ina komowa. A na uku na shiga, na zauna jikin ƙofa, na rufe fuska da hijabi. Ban ga gonakin shinkafa ba, ban ga komai ba. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, da na sauka na ga faratana sun huda tafin hannuna.

Luba na ganina ta gane ni. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Inna, ta tambayi gida kaf, ta kawo ruwa, duk ba ta dube ni sosai ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta tashi ta saki labulen ƙofa ta dawo. Ta ce an gama labarin 'yan watanni bayan rasuwar, amma ita sai da shekara ta zagayo ta iya buɗewa. Ta karanta sau ɗaya ta goge. Sai ta ba ni shi da ka, a hankali, ba ta yin muryoyi kamar Yaya. A wani wuri ta yi dariya, dariyar ta juye mata.

"Kin san halinta. Duk kashin da aka saka sai ta riga ni karantawa, ta kira ni ta ɓata man. In ce Kulu don Allah ki bari, ta ce wallahi ba ta iyawa." Ta share ido da gefen zane. "Wanga ɗai na riga ta."

Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ƙara ba. Da zan tafi na durƙusa na yi mata gaisuwar da ba a yi mata ba wancan lokacin. Na ce Anti Luba, ya haƙuri.

Ranar sadaka, bayan an raba waina an yi addu'a maza sun fita, Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma a inda muke matsar mai. Mata suka kewaye ni. Ƙarshen da Luba ta ba ni ba ya shiga rigar da Yaya ta ɗinka wa labarin, ko ta ina na juya shi sai wani gefe ya fito. Don haka na yi abin da na ga zan iya. Na ce Nasiru ya gano garin. Na ce uban Zainab ya kwanta ciwo, Nasiru ya yi jinyarsa, shi tsohon bai san ko wane ne ba, da ya warke kunya ta kama shi. Na ce an kai goro, an kai lefe, an ɗaura aure ranar Juma'a, mahautan gari suka yanka bijimi, aka raba kilishi har waɗanda suka ce ba su haɗa jini da mu suka cika aljihu. Gwaggo Ige ta saki guɗa, sai ta tuna ranar da ake ciki, ta kama bakinta, hawaye na zuba ta kan yatsunta. Kowa ya yi kuka, kowa ya ji daɗi.

Aka watse, saura ni da Inna. Ina naɗe tabarma ta kira ni.

"Allah shi yi miki albarka, kin sha hanya." Sannan ta ce, "Amma ba haka Kulu za ta ƙare shi ba."

Na tsaya da tabarma a hannu. Na jira ta ƙara. Ba ta ƙara ba, ta ce in miƙo mata butarta. Har yau ban san iyakar abin da Inna ta sani ba, kuma na san ba zan tambaya ba.

To me ya rage na Yaya Kulu? Kayanta an raba. Kabarinta ban san shi ba, mata ba mu zuwa. Sunanta na nan lafiya, na tsare shi, zan kuma ci gaba da tsare shi. A gidanmu in an ga namiji mai tausayi har yanzu cewa ake yi wannan Nasirun Kulu ne. Ni kuwa na rage da raina, wanda ta rufe da bayanta. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko me ya ji a ransa game da abin da take karantawa, ya bar hukunci ga Mai hukunci ya ce Allah ya jiƙan ta. Ba ta cuci kowa ba. Ta sa mata masu ciwon baya dariya, ta mutu tana kare ƙanwarta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kowa a gidanmu ya ji ƙarshen labarinsa, ita ce kaɗai ba ta ji nata ba, ita da ta fi kowa jira. Ba ni da inda zan faɗe shi da baki, shi ya sa zan ajiye shi a nan.

Yaya, ba a yi biki ba. Zainab ce ta gudo da kanta, da kan keken ɗinkinta ƙunshe a zane, ta sauka a garin da aka mayar da Nusaiba aiki. Sun kama ɗaki ɗaya a gidan haya, maƙwabta na ɗauka 'yan'uwa ne. Uban Zainab bai huce ba. Uwarta ma ba ta kira ta ba, amma wata rana wani direba ya kawo ƙullin daddawa da kuka, ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi, ba ta ce a faɗi komai ba. A kashi na ƙarshe ruwan sama ake yi, kwanon ɗakin na yoyo, sun ja katifa gefe sun tara roba, suna gardamar wadda ta manta ba ta sayo gishiri ba. Nusaiba ce ta manta, ta kuma amsa. Suka ci tuwonsu haka nan lami, suna dariya.

Shi ke nan, Yaya. Ba a kama su ba. Ba wadda ta mutu.